Jita Ga Auta, Amfilifaya Ga Babba

Da sunan Allah. Ni mahaifinku, mai gyaran rediyo, na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, ba wanda ya tilasta ni. Likita sai kewaye-kewaye yake yi, amma wanda ya shekara arba'in yana sauraron na'ura ya san ƙarar wadda ta kusa tsayawa. Ba na baƙin ciki. Na ci nasara a duniyar nan, saura abu ɗaya.

Na ɗaya. Gida da shago ku raba yadda Allah ya ce. Ku bar wa mahaifiyarku ɗakin gaba. Matar da aka shekara tara ana girgiza mata tagogi ta cancanci ta huta.

Na biyu. Kada ku ji kunyar cewa ubanku ya fara jita yana da shekara hamsin da takwas. Wani ne ya kawo gyaran amfilifaya, na'urar ƙara sauti, irin ta da mai kwalabe a ciki. Da na gama, ya jona jita mai tsirkiya bakwai ya gwada. Wallahi haƙarƙarina ne ya riga kunnena ji! Kiɗan Turawa mai nauyi da ake kira metal, irin dogon nan da ƙidayarsa ke sauyawa a tsakiya, yanzu bakwai, an jima biyar. Tela maƙwabcinmu ya ce tsufa ya zo mini da gardama. Yatsuna suka fashe har suka yi kanta, wata shida ina nanata gaɓa ɗaya. Amma ranar da na hau dandamali a babban zauren nan, na yi minti goma sha biyu ban kuskure ƙidaya ko sau ɗaya ba, kuma telan ne a sahun gaba yana kaɗa kai har hularsa ta faɗi. Mai haƙuri yakan dafa dutse, ni na dafa, na sha romon.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Babba, shekara biyu ke nan ba ka magana da ƙanwarka. Kai ka shirya mini amfilifaya ranar zauren, ka murɗa maɓallin gurnaninta har ƙarshe, ka sa alama da jan fenti. Da aka tashi ka tarar an dawo da shi rabi, ka ce Auta ce ta yi don ta kunyata ka, ka faɗa mata magana a gaban mutane. To, ba ita ba ce. Ni ne. Gurnani in ya yi yawa sai kiɗa ya zama taɓo, ba a jin tsirkiya ɗaya daga 'yar'uwarta. Nauyin nan da ya girgiza zauren daga gefen tafin hannu yake fitowa, inda ake danne tsirkiya a sake ta a kan lokaci. Na yi shiru saboda daɗin tafi ya ɗauke ni, daga baya kunya ta kama bakina. Na zalunce ki, Auta, kuma abin yana cina. Ku yafe mini.

Na huɗu. Kayan kiɗa ba sa cikin gado, na ba da su kyauta da raina, mahaifiyarku da tela shaida ne. Jita ta Auta ce, don ita ta gaji hannuna. Amfilifaya da sifika da fedojin nan uku da ake takawa a sauya sauti na Babba ne, don shi ya san cikinsu. Wayar da ke haɗa su kuwa tana wurin mahaifiyarku, ba za ta ba da ita ba sai kun zo tare. Na san akwai irinta a kasuwa. Wanda ya je ya saya, shi da kunyarsa.

Na biyar. A aljihun teburin shago, ƙarƙashin dalma, akwai littafin da na rubuta kiɗana na ƙarshe. Na tsaya a tsakiyar gaɓa mai ƙidaya bakwai. Ku ƙarasa shi, kada ku sassauta masa don tausayin kowa.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku biyayya, ya haɗa kawunanku. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna. Auta, jitarki ita kaɗai ko kaza ba za ta firgita ba. Babba, amfilifayarka ita kaɗai huci kawai za ta yi. Da gangan na yi. Kai ne babba, kai za ka fara zuwa ƙofarta.