Jirgin da ya zauna a kan rairayi

Litinin, 8 ga Afrilu 1985

Mutane suna ɗauka loto ba caca ba ce, tunda buhun shinkafa ake ci ba kuɗi ba. Har Hawwa, matata, haka ta ce mini da safe. Na ce mata ta zo lambun lakwal, makarantar da nake koyarwa, a Goudel ta gani. Yara talatin da biyu na rubuta don ban ruwa, yau goma sha ɗaya suka zo. Sauran suna cikin jirgin Shu'aibu.

Jirgin nan na yawon baƙi ne, da can Turawa yake kaiwa kallon dorina, ana buga musu loto a tsakiyar kogi. Yanzu ruwa ya janye, jirgin ya zauna a kan rairayi, da ƙafa ake zuwa. Shu'aibu ya kafa laima, ya jera buhuna uku kowa yana gani.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Issoufou ma. Issoufou, wanda na naɗa shugaban lambu, wanda ya haƙa rijiyar da hannunsa. Ya sayar da takalminsa ya sayi kati biyu. Na tare shi a bakin gaɓa, ya sunkuyar da kai, ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal: "Mushe, tumatir sai bayan wata biyu. Shinkafar can yau ce." Kunya ta kama ni a gaban yaro.

Litinin, 15 ga Afrilu

Na samo hanya! Na karanta takardar izinin da ke manne a ƙofar jirgin. An yarda da wasan ne ga baƙi, yayin da jirgi yake tafiya a kan ruwa. To ina ruwan? Gobe zan je wurin Adamu. Shekara huɗu yana ajina, ni na rubuta masa takardar da ta kai shi karatun shari'a. Yanzu shi ke tsara takardu a biro ɗin kyaftin, wato ofishin sojan da ke mulkin gari. Har na ji ina rera waƙa wajen wanka.

Talata, 16 ga Afrilu

Adamu ya miƙe tsaye da na shiga, ya ba ni kujerarsa. "Mushe, kai da kanka? Ai da ka aiko." Na bayyana masa komai, ya rubuta, har ya sa na maimaita batun ruwan sau biyu. Ya ce: "Ba wanda ya lura da wannan sai kai." Ya raka ni har titi. Na dawo ina alfahari da shi.

Laraba, 24 ga Afrilu

Albasa ta fara kwanciya don rashin ruwa. Ni da yara shida. Bayana kamar zai tsage.

Talata, 30 ga Afrilu

An manna sabuwar takarda, da hatimi. Na karanta ta sau uku a tsaye cikin rana. Yanzu an yarda da wasa a jirgi ko yana tafiya ko yana tsaye, ko a ruwa ko a busasshen kwarin kogi. Duk wanda ya tare masu shiga kuma, ya taɓa sana'ar da hukuma ta ba kariya. Jandarma biyu a gindin tsanin jirgin.

Ramin da na nuna masa shi ya toshe. Ni na kai musu, da ƙafata, cikin rigata mai kyau.

Shu'aibu ya hango ni daga sama, ya ɗaga hannu: "Mushe, mun gode fa! Shigo, katin farko kyauta ne ga masu ilimi!" Mutane suka yi dariya. Cikinsu har da iyayen yarana.

Alhamis, 2 ga Mayu

Na haɗu da Adamu a Zongo bayan la'asar. Bai gudu ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Ya ce an umarce shi ne, ya ce jirgin yana ba da buhu goma kowane mako ga sansanin 'yan gudun yunwa. "Mushe, da ban rubuta ba wani zai rubuta." Na tambaye shi abu ɗaya: ranar da na zo, ka riga ka san abin da za ka yi da maganata? Ya gyara agogonsa.

Asabar, 4 ga Mayu

Ba wanda ya zo lambu. Na yi ban ruwan fangali huɗu na zauna.

Alhamis, 9 ga Mayu

Issoufou ya ci buhu. Uwarsa ta aiko mana da tiya guda, wai ladan karatu. Na ce wa Hawwa a mayar. Ta dube ni, ta dubi 'ya'yanmu, ta ɗora tukunya. Na ci. Na ƙara.

Kwana uku ke nan ban je Goudel ba, zafi ne ya yi yawa. Makullin rumfar kayan ban ruwa na bai wa mai gadi, ya riƙe tukuna. Gobe darasin doka da haƙƙin ɗan ƙasa ne, ina ganin lissafi za mu yi a madadinsa, suna baya a lissafi. Wanda yake ganin ragwanta ce, ga allon nan, ga yara arba'in da ba su karya ba. Ya zo ya tsaya gabansu ya gwada.