Kofin Farko na Ruwan Fitila

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, murya na aiko don ban yi boko ba, ki rubuta yadda na faɗa, ki ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, tsohuwa ce ke magana daga wani ƙauye a ƙasar Gwiwa.

Ina da jika, ɗan ɗana ne, uwarsa ta rasu yana goye, ni na yaye shi, da ruwan randata ya girma. Ya yi karatu, ya yi karatu, har ya dawo Kazaure ya buɗe ɗan kamfanin tace ruwa. A ciki akwai wata fitila, eksima yake ce mata, wai haskenta ke kashe ƙwayoyin cuta in ruwa ya bi ta gabanta, kuma ba a kallonta sai da baƙin gilashi. Tun kafin a kawo ta yake ba ni labarinta, har na riƙe sunanta, ni da ban riƙe sunan maganin hawan jinina ba.

To ranar da za a kunna ta, ya ce tsohuwa ce za ta sha kofin farko ta sa albarka. Na yi lalle, na ɗaura atamfar da nake ta ajiya, sai motar kasuwa ta lalace mana a hanyar Roni. Ko da na isa an gama. Kakarsa ta wajen uwa, ta Babura, wadda sai da sallah take ganinsa, ita aka sa wa gilashin aka nuna wa fitilar, ita ta sha. Hotonta ne yanzu a bangon ofis.

Na yi masa magana, ya ce baƙi ne suka matsa, wai ai duk ɗaya muke a wurinsa. Bakina ya ce to, amma wallahi zuciyata ba ta ce to ba. Jarkokin ruwan da yake aiko min na jere su a bayan ɗaki, ko ɗaya ban buɗe ba, ruwan rijiya nake sha, har cikina ya fara damuna. Ita baiwar Allah ta Babura ba ta yi min komai ba, har gaisuwa ta aiko, amma in an ambace ta sai abinci ya fita raina.

Juma'a zai zo da 'ya'yansa, kuma zai ga jarkokin nan. In faɗa masa gaskiya, cewa kishi ne ya hana ni sha, da furfurata? Ko in juye wa tumaki kafin ya iso, in ce masa ruwan akwai daɗi?