Ƙa'idar Da Na Manta A Sama Ta Ɓata Sunan Baba Ilu

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, don zagin da nake wa kaina ya ishe ni.

Ni matashi ne a Tanut, ni ke kula da na'urori a biro, wato ofishin wata ƙungiyar makiyaya. Bara muka kafa tsari: in cuta ta ɓulla a garke, wakilanmu na ƙauyuka su aiko rahoto ta waya. Saƙon yana faɗawa kan sarwar, na'urar da ke karɓa ta rarraba. Ni ke rubuta mata ƙa'idoji: in adireshin saƙo ya fara da kaza, a miƙa shi sashe kaza. Falanko da hanyarta, Belbeji da tata. Kamar mai gadi take, mai nuna wa baƙo ɗakin da zai shiga, sai dai daga sama take dubawa, ƙa'idar farko da ta dace da saƙon ita take bi, ba ta ƙara kallon na ƙasa.

Ranar buɗe tsarin manyan baƙi suka zo daga Damagaram, an kafa rumfa, an yanka rago. Ban gama sashen Tarka ba, sai ga shi an zaɓi wakilin Tarka, Baba Ilu, ya gwada a gaban jama'a don shi ne dattijo. Kun san halinmu, komai da sauƙi in dai ba a ji kunya gaban baƙo ba. Na yi wuf na saka wata ƙa'ida can sama: duk abin da ya fito daga Tarka a amsa masa "An karɓa, mun gode", ba tare da an kai shi ko'ina ba. Baba Ilu ya danna, amsa ta fito, aka ɗauki tafi, ni kuwa kai ya kumbura. Daga baya na gama sashen na gaskiya, na rubuta ƙa'idarsa a ƙasa, ta saman na manta da ita sam. Me ya hana ni gwadawa? Wallahi girman kai ne, gani nake na fi ƙarfin kuskure.

Da damina ciwon huhu ya shiga shanu a kwarin Tarka. Baba Ilu ya aika, ya sake aikawa, kullum waya na ce masa an karɓa. Ya yi ta bin rugage yana cewa a kwantar da hankali, likita na tafe. Likitan dabbobi kuwa bai ga komai ba. Shanu suka yi ta faɗuwa, har da na wata bazawara wadda da nonon saniyarta kaɗai take ciyar da ƴaƴanta.

Da labari ya iso, parzidan ɗinmu, shugaban ƙungiya, ya ce in duba. Ina buɗewa na ga layin ƙa'idar nan da na manta zaune a sama. Na goge shi, na fito na ce, "Ranka ya daɗe, babu rahoton Tarka da ya iso wurin likita." Wani ya ce ai tsoho ne, ƙila bai iya dannawa ba. Na yi shiru. Wane irin mutum ne ke yin shiru a nan?

Shekaranjiya Baba Ilu ya zo biro, ya rame, da ƙullin cuku a hannu ya kawo mini. Ya ce, "Ɗana, ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Gwada mini inda nake ɓatawa. Mutanen da muka girma tare yanzu in na yi sallama sai su kau da kai." Na ce ya aika in gani. Ya danna yadda ya saba, ko kuskure ɗaya babu, kuma tunda na riga na gyara, saƙon ya isa wayar likita nan take, har likitan ya maido masa da amsa. Ya daɗe yana kallon wayarsa, sannan ya ce, "Ka gani, yau da kake kusa na yi daidai. Ashe laifina ne. Allah ya yi maka albarka."

Jama'a, albarkar nan ta hana ni cin abinci. Cukun yana nan, na kasa taɓawa. Ranar Alhamis za a zauna a cire shi daga wakilci, ya ce zai tashi ya roƙi gafarar makiyaya da bakinsa. In na faɗi gaskiya aikina ya tafi, da shi nake riƙe da mahaifiyata da ƙannena, kuma ban san da wane ido zan dubi masu shanun ba. In na yi shiru, dattijo zai durƙusa gaban sa'o'insa yana tuba kan layin da ni na rubuta.

Ina cikin tashin hankali. Don Allah, me zan yi?