Ambulan da Auta Ya Adana

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Yau kwanana tara a wurin da ake tsare baƙi. Daga bakin tanda suka ɗauke ni a gidan burodi, ko fulawar hannuna ban wanke ba. Wai wata huɗu da suka wuce alƙali ya zauna kan takardun zamana, ban je ba, ya yanke a mayar da ni gida. Lauya ta ce in har sammacin bai iso ba, za a sake zama. Adireshin da ke hannunsu na tsohon ɗakina ne, wanda na bar maka. Wata takarda ta zo? Ka leƙa matata da 'yata Ummi.

Yayanka

*

Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa. Allah ya kawo mafita. Ummi lafiya lau, an ce mata ka yi tafiya.

Takarda ta zo, Yaya, a ambulan ruwan ƙasa, ni na sa hannu na karɓa. Ban buɗe ba. Ka san tun muna gida ba ma buɗe wasiƙar babba. Na sa ta a leda don kada ta jiƙe, na ajiye a ƙasan akwati, da niyyar in ba ka hannu da hannu. Sau biyu na zo kana wurin aiki, daga nan kuma ta fita a raina. Jiya na kai wa lauya ita a rufe kamar yadda ta zo. Ta daɗe tana kallon fuskata, sannan ta ce tunda akwai sa hannuna, a doka ta iso gare ka.

Kunya ta hana ni zuwa ganinka. Ka yafe mini.

Ƙaninka, Auta

*

Auta,

Na samu wasiƙarka. Lauya ta nuna mini ambulan ɗin, ko lanƙwasa babu. Ka iya ajiya.

Jirgi ranar Talata ne, jaka ɗaya aka yarda, kuma sai bayan shekara goma zan iya neman dawowa. Raina ya ɓaci kwana biyu, sai na tuna ni na taɓa marinka kan buɗe wasiƙar Baba. Ka zo ranar Litinin da takalmana.

Har yanzu ba a zauna kan takardun Ummi da uwarta ba, kuma adireshin ɗakinka ne a jiki. Duk abin da ya zo, ka buɗe shi a tsaye a bakin ƙofa.

Ka huta lafiya,
Yayanka