Gashi a Gindin Jigo

Innoshima, 6 ga Afrilu, 1997

Yaya Toshie,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Furannin sakura sun fara zuba a nan, ina fata ciwon gwiwarki ya tafi tare da sanyi. A gaida mai gida da yara.

Yaya, nemi wuri ki zauna tukuna. Na sayi gida! Ɗaki ɗaya ne, gado biyu, da murhu mai lilo wanda ko gidan ya karkata miya ba ta zubewa. Sunansa Kazahaya. Jirgin ruwa ne, Yaya, mai tafiya da iska. Shekararsa ashirin da shida, na katako ne, ya je Hawaii sau biyu ya dawo da ƙafarsa.

Kin san tun da matata Michiko ta rasu ɗakunan nan na Hiroshima suka yi mini yawa. Ranar da na ajiye alli na miƙa makullin makaranta, washegari na miƙa na gidan haya. Shekara talatin da bakwai ina nuna wa yara teku a jikin allo, ban taɓa kai ko ɗaya ya taɓa shi ba. Yanzu zan riƙa ɗaukar ɗaliban tsibiran nan, in koya musu taurari da ƙullin igiya. Har na rubuta darasi goma sha biyu!

Jirgin yana tudu a filin gyaran wani tsohon masassaƙi, Masakichi. An kwantar da jigonsa, wato doguwar sandar da ake ɗaura filafilai, ana canza katakon da ya ruɓe. A ciki nake kwana, da tsani nake hawa. Kafin guguwar bana za mu sauka ruwa.

Gado ɗaya naki ne duk ranar da kika zo.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Iwao

Okayama, 13 ga Afrilu

Malam Iwao,

Gaisuwa. Gwiwata tana nan yadda take, kuma wasiƙarka ba ta ƙara mata sauƙi ba.

Na zauna kamar yadda ka umarta, na karanta sau biyu ko zan ga inda ka ce wasa kake. Ashe da gaske shugaban makaranta guda, mai shekara sittin, ya kwashe littattafansa ya koma cikin akwatin gawa mai tsani. Jirgin da ya je Hawaii sau biyu, me ya sa mai shi ya rabu da shi? Ka tambaya? Ko da ka ji “Hawaii” sai ka hau tafi kamar ɗan aji ɗaya?

Kai da jirgin fito na minti ashirin yake sa ka amai a cikin hularka. Kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa ba, sai Michiko ta karɓi guduma. Da tana raye da ta ɗaure ka a ƙafar teburi. Darasi goma sha biyu! Wace uwa ce za ta ba ka ɗanta ka kai wa kifi?

Kuma duk faɗin ƙasar nan ba ka ga inda za ka yi haukanka ba sai Innoshima. Kada ka yi mini kamar ba ka gane ba. Mai gida ya tambaye ni inda ka koma, na ce ka kama ɗaki kusa da teku saboda ƙirjinka. Haka za ka faɗa in kun haɗu. Shekara arba'in ina cikin gidan Fujiwara, abin da suka sani shi ne ubanmu yana sana'ar kifi. Ba wanda ya taɓa tambaya a ina muke kwana, ni kuma ban yi karambanin faɗa ba.

Gadon da ka ajiye mini, ka ɗora littattafai a kai. Za su fi ni jin daɗin danshi.

Na sa maka kwalbar umeboshi, 'ya'yan itacen nan masu tsami da nake jiƙawa da gishiri, ka riƙa tsotsa in amai ya taso.

Yayarka,
Toshie

Innoshima, 18 ga Mayu

Yaya Toshie,

Gaisuwa da girmamawa. Umeboshi ya iso, ba mai gishirin hannunki a duniya. Faɗanki ma ya iso, na shanye shi tare da shinkafa.

Yaya, na yi ɓarna. Ina share ƙasan jirgi, a daidai gindin da jigo yake zama, sai na ga wani ɗan rami an toshe da katako. Na buɗe. Tsofaffin kwabbai ne, da 'ya'yan caca biyu na itace, da wani dunƙulen gashi duk ya yi funfuna. Na ɗauka sheƙar ɓera ce. Na zuba gashin a shara, na wanke ramin tas da sabulu, na kai wa Masakichi 'ya'yan cacan ina murna.

Ya dube su, ya dube ni, ya ajiye gizagonsa.

“Malam, ina gashin?”

Na ce motar shara ta wuce tun safe.

“Shekara nawa ka ce ka yi kana koyarwa?”

Na faɗa masa.

“Kaico, 'ya'yan mutane,” in ji shi. “Ka zare wa jirgi ransa ka ba motar shara, ka zo kana yi mini haƙora.”

Funadama ne, Yaya, ran jirgi. Na san kalmar, na taɓa sa ta a jarrabawa ma, amma ban taɓa ganinsa ba. Masakichi ya rantse ba zai tsayar da jigo ba, ba kuma zai tura jirgi marar rai cikin ruwa ba, sai an sa sabon gashi. Kuma dole na macen gidan mai jirgi ne: matarsa, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa. Michiko ta tafi, 'ya ba mu samu ba. Ke kaɗai gare ni.

Injin ɗaga jigo zai zo ranar 28 ga Yuni. In ya wuce, Masakichi ya ce in kwashe jirgina daga filinsa, wasu na jiran wurin. Ban san inda zan kai shi ba, ban san inda zan kai kaina ba.

Kaurin ɗan yatsa kawai, Yaya. Ba wanda zai lura.

Ƙanenki,
Iwao

Okayama, 25 ga Mayu

Iwao,

Gaisuwa, tunda al'ada ce.

Sheƙar ɓera! Ɓeran da yake tara kwabbai yana buga caca! Da Baba yana raye da ya jefa ka ruwa da digirinka a wuya. Yaron da aka haifa a kan ran jirgi, taku biyu tsakaninsa da shi, yau sai wani ya gaya masa sunansa.

Ka ce ba wanda zai lura. To saurara, tunda kai ne mai koyarwa, yau a koya maka. Kana shekara huɗu aka sauke ka tudu wurin Gwaggo, shi ya sa teku yake maka kyau kamar hoton kalanda. Ni shekara tara na yi a cikin jirgin Baba. Mu shida a ƙarƙashin rufin tabarma ɗaya, a nan ake girki, a nan ake haihuwa, a nan Inna ta mutu. In mun sauka sayar da kifi, matan gari a bakin ƙofa suke tsayar da mu, ba ma taka soro.

Shekarar da Inna ta rasu Baba ya sake jirgi. Gashin wa kake tsammani aka sa? Da wuƙar fiɗar kifi ya yanka, a nan gefen kunnen hagu, har fata. Bayan kwana uku aka kai ni ɗakin kwanan 'yan jirgi don in shiga makaranta. Ranar farko wata yarinya ta nuna wurin ta ce, “Ku duba, an ciyar da jirgi da kanta!” Duk ajin suka toshe hanci. Gashin ya tsiro cikin wata uku, sunan bai bar ni ba sai da na bar garin.

Na goge ƙarnin nan daga jikina da hannuna, na koyi maganar mutanen tudu, na biya maka littafi da ɗinki har ka zama Malam. Don ka fita daga jirgi na yi, ba don ka sayi tsoho ka koma kana kiran abin “gida” ba. Abin da muka gudu da ƙafa, kai ka bi shi da kuɗin fansho.

Na ciyar da jirgi ɗaya. Ya isa. Ka je wurin mai aski ka share ƙasa, ai ka ƙware a shara.

Toshie

Innoshima, 14 ga Yuni

Zuwa ga uwargidan Fujiwara,

Ina gaisuwa. Ni ne Masakichi mai gyaran jirgi. Rubutu ba sana'ata ba ce, a yi haƙuri da hannun.

Ƙanenki bai san na rubuto ba, a bayan ambulan ɗinki na ga adireshi. Ya ba ni wasiƙarki ne da kansa, don in gane dalilin da zai sayar da jirgin. Ya ce ba zai ƙara roƙonki ba, wai bai san abin da ya roƙa ba. Na ce masa ya bi shawararki ya je wurin mai aski, in na kau da kai wa zai sani? Gwada shi nake. Ya ce, “Tsoho, ban taɓa ba yaro makin da bai ci ba, ba zan fara da jirgi ba.”

A aiki dai ba shi da amfani. Fenti ya fi yawa a wandonsa. Amma jiya na ga ya ɗaure igiya da wani ƙulli da rabona da shi shekara hamsin. Na ce a wane littafi ya gani. Ya ce ba littafi ba ne, yayarsa ce take ɗaure masa ƙunshin abincin makaranta haka. Ƙullin mahaifinku Genzo ne. A da jirginmu yana kwana kusa da naku a Hakozaki, nan Innoshima. Ni ne mai kunnen nan da kika taɓa jifa da kan kifi.

Ban faɗa wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba. Ki ci gaba da zama uwargida. Amma wadda ta tsani jirgi da gaske ba ta ɗaure wa ƙanenta shinkafa da ƙullin anka shekara shida.

Injin yana nan ranar 28. In za a aiko, ban karɓar mai rini. Na ji matan Okayama ba sa tsufa.

Na gaishe ki,
Masakichi

Okayama, 24 ga Yuni

Iwao,

Gaisuwa.

Ga shi nan cikin farar takarda. Kada ka buɗe da hannunka, kada ka wanke, kada ka kai kusa da kwandon shara. Ka miƙa wa mai kunnen nan kai tsaye.

Wata guda ke nan rabona da rini, tun ranar da wasiƙarka ta zo, kada ka tambaye ni dalili. Daga tushe na yanka, inda yake fari, shi ya sa gajere ne. Gefen hagu. Mai gida ya ga wurin a kan abincin safe, ya tambaya, na gaya masa. Duka. Ya ajiye shayinsa ya ce ashe shi ya sa ba na amai a jirgin fito.

Har yanzu wawa ne kai, jirginka kuma akwatin gawa ne. Amma yanzu kaina yana ciki, saboda haka kada ka kuskura ka nutsar da ni.

Ka kwashe littattafan nan daga kan gadona.

Yayarka,
Toshie 'yar Genzo