Taya Ta Huɗu

Assalamu alaika Malam,

Ka yi mini haƙuri da zan dame ka a inda kake hutawa. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, addu'a ce kaɗai ke isa can, kuma ina yi maka kullum. Amma akwai maganar da ta tokare mini ƙirji, ba ta shiga cikin addu'a, ba kuma ni da wanda zan faɗa wa.

Gida lafiya. Na fita takaba. Sojojin da kake cewa ba za su taɓa sauka ba sun koma bariki, farar hula sun hau, har an fara zuba tsakuwa a layinmu na Unguwar Sanusi. Ruwa ya sauka, yara suna gaishe ka da addu'a.

Tsohuwar motarka na nan ƙofar gida kan bulo, yadda ka bar ta. Tayoyi uku suna da sabon rim na alminiyam, ta huɗu tana da tsohon na ƙarfe. Yara sun ce sun yafe mini rabonsu a cikinta, makullin yana hannuna.

Jiya Bitrus abokinka ya zo daga Romi. Ya tsaya a soro, ya gaishe ni da ladabi, ya roƙi in bar shi ya ƙarasa aikin: ya sa rim ɗin da ya rage, ya canza shoka ta baya mai rage girgiza, ya ɗaura birki mai faifai da ka sayo. Ba ya son ko sisi. Ya ce in ta kwana wata damina a haka, tsatsa za ta cinye ƙasanta. Gaskiya ya faɗa. Na ce ya dawo Lahadi.

Malam, kishin mutumin nan nake yi, Allah ya gani. Ina jin kunyar rubuta shi, amma haka yake.

Tun da aka kawo ni gidanka ban taɓa kama sunanka ba, haka aka tarbiyyantar da mu. Shi kuwa jiya ya ambace shi ya fi a ƙirga, kai tsaye, kamar mai kiran ƙaninsa. Ranar da aka ɗauke ka, shi ya bi ku har maƙabarta, ya tsaya daga gefe yana hawaye. Ni ina ɗaki. Ya san inda kabarinka yake, ni sai kwatance.

Ka tuna Lahadinku? Yana tasowa daga coci, kai ka idar da azahar, ku shige ƙarƙashin mota, ƙafafunku kawai ake gani. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, ina jin ku ta katanga. A nan na ji kana yi masa bayani cewa duk nauyin da ke ƙasan sifirin da ke ɗauke da jikin mota, taya da rim da birki, shi ke fara cin karo da rami, in ya yi yawa sai mota ta riƙa tsalle kamar mai gudu da takalmin ƙarfe. Kun ari sikelin mai hatsi kuna auna rim ɗaya bayan ɗaya, kuna dariya. A can nake jin dariyarka sosai. In ka shigo ciki sai ka ce sannu da gida, ka wanke hannu da kananzir, ka ci tuwo shiru. Me ya sa ba ka taɓa gwada yi mini bayanin ba? Ka ɗauka wadda ta tsaya a allo ba za ta gane ba? Na gane sarai, har na haddace.

In kun gama wani gyara sai ku tafi gwaji hanyar Kamazou, inda ramuka suka fi yawa. Ni sai biki ko asibiti nake shigarta, a kujerar baya. Ban taɓa roƙo ba, kai ma ba ka taɓa tayi ba.

Ban ce ka zalunce ni ba, astagfirullah. Ci da sha da sutura ba ka rage ni da komai ba. Bitrus ma mutumin kirki ne, matarsa ta yi ta kawo mana abinci kwanakin zaman makoki. Shi ya sa abin ya fi ciwo, ba ni da laifin da zan ɗora masa.

In na hana shi, aikinka ya ruɓe a idona saboda son zuciyata, kuma ina tsoron a tambaye ni gobe ƙiyama. In na ba shi, shi ne zai taɓa ƙarfen da ka taɓa a ƙarshe, shi zai ji yadda ta koma tafiya, ni kuma ina bayan katanga kamar kullum.

Abu ɗaya nake son sani, kuma bakina ba zai iya tambayar Bitrus ba. Duk shekarun nan da kuka yi ƙarƙashin motar, ka taɓa yi masa zancena, ko sau ɗaya? In ka taɓa, zan miƙa masa makullin da hannuna.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sa can ta fi nan. In ana ba ku izinin zuwa a mafarki, don Allah ka ba ni amsa kafin Lahadi.

Taka,
Uwar yaranka