Ni Suka Ba Gadon Sama

Takwara,

Na dawo ban same ki ba. Da safe na je jami'ar nan karɓo miki takardar ɗakin kwana. Wai don sunanmu ɗaya, hotona suka manna a gurbin ɗaliba, naki a gurbin uwar riƙo. Ni suka ba gado, na sama kuma! Na ce wa mai ofishin, “Ɗan nan, dubi gwiwoyina.” Ya ce kwamfuta ba ta ƙarya, in ban tare kafin Litinin ba, wata za a ba.

Yanzu zan koma da sandata. Kada ki kwance akwatinki. In sun ƙi gyarawa, ni zan riƙe gadon, ke ki dinga ba awaki dusa har in gama digirin.

Kakarki